Yadda na nemo ƙwararriyar da ke haɗa hanyoyin maganin damuwa

Abin ya faro ne 'yan watanni bayan rasuwar yayana. Ina zaune lafiya lau sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, in ji kamar yanzun nan za a zare mini rai. Bayan kamar kwata na awa sai ya lafa ya bar ni a galabaice. Barci ya ƙaurace wa idona, na fara gudun cunkoso, na daina tuƙi a babbar hanya. Da yake ciwon zuciya ne ya yi ajalin yayan nawa, ban yi wata tantama ba cewa sahunsa na bi. Don haka ƙofar da na fara ƙwanƙwasawa ta likitan jiki ce, kuma har gobe ita nake cewa kowa ya fara da ita, ko da ya tabbata a ransa cewa damuwa ce ke cinsa.

Likitan ya duba hawan jini, ya sa aka manna mini wayoyi a ƙirji aka ɗauki awon bugun zuciya, sannan ya tura ni a ɗebi jini. Ya ce akwai cututtukan jiki da ke shigowa da rigar fargaba: ƙarancin jini, faɗuwar sukari, da wata gaɓa a maƙogwaro da ake kira tayirod idan ta yi aiki fiye da kima. Ya tambayi yawan abin da nake sha mai kafeyin, irin su kofi da shayi, da duk wani magani da nake amfani da shi. Da sakamako ya fito komai lafiya, sai ya miƙo mini takardu biyu in cike a gabansa. Ɗaya ana kiranta PHQ-9, tambaya 9 ce kan ciwon damuwa, makinta daga 0 zuwa 27. Ɗayar GAD-7, tambaya 7 kan fargaba, daga 0 zuwa 21. Dukansu kan makonni biyun da suka wuce suke tambaya, kuma maki 10 zuwa sama alama ce ta a ƙara bincike. Ni na haura goman a duka biyun. Da ya ce zuciyata ƙalau take, haushi na ji maimakon sanyi: na shigo da ciwon da zan iya nuna wa mutane, ga shi ana neman sallamata da wanda ba na son a ji. Ya rubuta mini takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ya ce in karɓi kwafin duk gwaje-gwajen in adana. Wannan kwafin ya hutar da ni sake biyan kuɗin gwaji a duk inda na je daga baya.

Ruɗanin farko a nan yake, kuma ba wanda ya warware mini shi sai da na shiga ciki. Ma'aikatan fannin nan kashi-kashi ne. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware, shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti bai yi likitanci ba, a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani, aikinsa gwaji ne da magani ta hanyar tattaunawa. Sai masu ba da shawara da ma'aikatan jinya na fannin, waɗanda wasunsu sun sha horo mai zurfi, wasu kuwa kwas na 'yan makonni kawai suka yi. Takardata wurin likitar ƙwaƙwalwa ta kai ni, bayan jiran makonni. Na je da niyyar amayar da duk abin da ke cikina, sai na tarar da tambayoyi a jere: yaushe ya fara, akwai mai irinsa a dangi, ka taɓa tunanin kashe kanka, ka taɓa yin kwanaki ba barci kana jin ƙarfi ya yi maka yawa. Tambayar ƙarshen nan tana da dalili. Ana so a tabbatar ba ciwon nan mai hawa da sauka ba ne, wanda mutum kan yi kwanaki cikin zumuɗi fiye da kima sannan ya faɗa cikin damuwa, domin ƙwayar damuwa ita kaɗai tana iya tayar da shi. Ta ce ciwon firgici ne haɗe da damuwa, ta ɗora ni kan ƙwaya daga rukunin da ake kira SSRI. Ta gargaɗe ni cewa sai an yi makonni huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken amfaninta, cewa a kwanakin farko fargabar na iya ƙaruwa, kuma kada in kuskura in yanke shanta rana ɗaya. Da na tambayi maganar tattaunawa sai ta ce, "Malam, wannan wani layin ne daban," ta sa sunana cikin masu jira.

Jiran ya ɗauki watanni, kuma ba a kiran mutum a gaya masa inda aka kwana. Na riƙa buga waya lokaci-lokaci ina tuni, na kuma roƙi a sa ni cikin waɗanda za a kira idan wani ya fasa zuwa. Ta nan na samu gurbi. Matashin da aka haɗa ni da shi hanya ɗaya yake bi, wadda ake taƙaita sunanta da CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960. Gininta shi ne, yadda mutum ya fassara abu shi ke jan yadda zai ji da abin da zai aikata. A zaman farko ya zana mini da'ira a takarda: bugun zuciya ya ɗan ƙaru, ƙwaƙwalwa ta ce mutuwa ce, tsoro ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, bugun ya ƙara hawa, ƙwaƙwalwa ta ce ka gani ko. Sannan ya sa ni abin da na ɗauka wauta ce: in yi haki da gangan na minti guda, in hau matakala da gudu, in ja numfashi ta siririn bututu, don jiki ya saba da alamomin ya daina ɗaukarsu sallamar ajali. Wallahi ya yi aiki. Firgicin ya ja baya sosai, na koma tuƙi. Amma duk sanda na kawo zancen yayana, sai ya saurara cikin ladabi, ya ce Allah ya jiƙansa, ya dawo da ni kan takardar aikin gida. Ba na ganin laifinsa. Adadin zaman da aka yanka masa ƙayyadadde ne, don firgici aka turo ni, firgicin ya yi wa aiki. Aka sallame ni makina ya sauka, amma ƙarfe ukun dare idona biyu ina rigima da mamaci.

Daga nan na koma neman na kuɗi da kaina. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wata dattijuwa mai ba da shawara, mai bin tafarkin Carl Rogers, wanda tun shekarun 1940 da 1950 ya koyar da cewa idan mutum ya samu mai saurarensa da gaskiya, wanda ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, shi da kansa zai lalubo mafita. A ɗakinta na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar, kuma ba zan taɓa raina wannan ba. Sai dai makonni na tafiya, kuɗi na fita, zaman yau kamar na makon jiya. In na ce, "Mama, ba na barci, me zan yi?" sai ta ce, "Kai me kake ganin rashin barcin ke gaya maka?" Firgicin ma ya fara leƙowa, ita kuwa ba ta da abin cewa a kansa. Da na gaya mata ina son abu mai tsari ba ta ji haushi ba. Ita ce ma ta fara shaida mini cewa akwai masu haɗa hanyoyi, ta ce irinsu ya kamata in nema.

Kafin in sake zuba kuɗi sai na zauna na yi karatu. Ashe muhawarar tsohuwa ce. Tun 1936 wani masani, Saul Rosenzweig, ya lura cewa hanyoyin da ke sukar juna suna samun sakamako mai kama da juna, ya ce lallai akwai abin da suka yi tarayya a kai. A 1967 Arnold Lazarus ya kawo ra'ayin cewa ƙwararre na iya aro dabara daga kowace makaranta muddin an gwada ta ta yi aiki, ba sai ya ɗauki aƙidar masu ita ba. A 1983 har ƙungiya aka kafa ta masu nazarin haɗa hanyoyin, SEPI. Abin da ya fi amfanar da ni shi ne gane cewa haɗawar iri-iri ce. Wani yana tsinto dabaru gwargwadon matsalar da ke gabansa. Wani ya narka ra'ayoyi su zama sabuwar hanya guda, kamar CAT da Anthony Ryle ya tsara a Ingila, ko DBT ta Marsha Linehan, wadda ta gama CBT da horon natsuwa da karɓar abin da ba ya canzuwa. Wani ya dogara kan abubuwan da duk hanyoyin suka yi tarayya a kai, wato kyakkyawar alaƙa da amincewa da sa rai. Wani kuma yana da gida ɗaya da ya yi zurfi a ciki, yana aro daga maƙwabta idan bukata ta taso. Akwai kuma wanda littattafan ba sa lissafawa, ni kuwa na gamu da shi a waya: wanda bai ƙware a komai ba, sai ya kira hakan haɗawa. Duk wahalar neman nan, wahalar rarrabe shi da sauran ce.

Na fara da rajistar hukumar da ke ba ma'aikatan fannin lasisi, da jerin mambobin ƙungiyoyin ƙwararru, waɗanda yawanci ana dubawa a intanet kyauta. Wannan matakin ba na tsallakewa ba ne, domin a ƙasashe da dama, har da Ingila, doka ba ta hana kowa ya buga kati ya kira kansa mai ba da shawara ko mai maganin tattaunawa ba. Na tace sunayen da nisa, saboda zama ne na mako-mako, kuma wurin da zai cinye rabin yini zuwa da dawowa ba zai ɗore ba, komai kyawunsa. Na kira kamfanin inshorata na tambaya ko suna biyan irin wannan magani. Amsar ta zo da sharuɗɗa: sai mai lasisi, zama ƙayyadadde a shekara, ni zan fara biya sannan su maido mini, kuma rasit ɗin dole ya ɗauki lambar lasisin. Da na shiga karanta bayanan da kowa ya rubuta game da kansa, sai na ga kusan kowa cewa yake yana haɗa hanyoyi. Wasu sun jera sunaye har layi ya ƙare. Tsawon jerin bai burge ni ba, tunda na riga na san kowace guda daga ciki ana daɗewa ana koyonta a ƙarƙashin babban ƙwararre mai duba aiki.

Da yawansu suna ba da gajeriyar ganawa ta waya kyauta, kamar minti 15, kuma a nan ne aka yi tankaɗe. Na rubuta tambayoyina a takarda don kada kunya ta sa in manta. Wace hanya ce tushenka, a ina ka koye ta? Mutum mai firgici da rashin barci da makoki, da me za ka fara, kuma me ya sa? Ta yaya za mu san abin yana aiki? Wa ke duba aikinka? Wani ya ce mini shi abin da zuciyarsa ta ba shi a ranar yake bi. Wani ya yi alkawarin warkar da ni cikin zama uku, in biya kuɗin duka tun farko, ya ƙara da cewa in ajiye ƙwayar da nake sha don tana toshe aikin. Na yi masa godiya na kashe waya. Wanda ba likita ba ba shi da hurumin taɓa maganin da likita ya rubuta. Wata ta amsa komai da kyau amma ba ta da gurbi, ta ba ni sunan wata abokiyar aikinta. Wannan ɗin da na kira, amsarta ba ado. Ta ce, "Tushena CBT ne. Daga baya na yi dogon horo a hanyar da ke bin sawun yarintar mutum da alaƙoƙinsa. A yadda ka faɗa, ina jin da barci zan fara, don wanda bai yi barci ba ba ya iya ɗaukar nauyin makoki. Amma ba zan yanke ba sai na gan ka." Ta faɗi cewa tana da mai duba aikinta da suke zama akai-akai, ta kuma faɗi abubuwan da ba ta yi. Wannan na ƙarshen ne ya fi kwantar mini da hankali.

Ranar farko rabinta cike takardu ne. Na je da katin shaida, takardar turawa, sakamakon gwaje-gwaje, sunan ƙwayar da nake sha da adadinta, takardar sallama daga wurin matashin nan, da lambar wanda za a kira idan ta ɓaci. Ta karanta mini yarjejeniyar da bakinta maimakon ta miƙo in sa hannu kawai. Zama minti 50 ne. Wanda zai fasa zuwa ya sanar awa 24 kafin lokaci, in ba haka ba ya biya. Sirri yana nan, amma yana da iyaka: idan rayuwata ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ba za ta yi shiru ba. Akwai wata takarda daban ta ba ta izinin rubuta wa likitar ƙwaƙwalwa, na sa hannu. Na cije na tambayi ragi, sai ga shi tana da 'yan gurabe masu rangwame ga wanda kuɗin ya yi wa nauyi, abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Na sake cike PHQ-9 da GAD-7, ta ce za mu riƙa maimaita su. Tantancewar ba ta ƙare a zama ɗaya ba, kuma hakan ya ɗan sosa mini rai, ina biya ana ta tambaya. Kamar tela ne da ya ƙi sa almakashi sai ya gama awo.

Abin da awon ya haifar shi ne shafi guda da ta rubuta ta karanta mini, ta ce in gyara duk inda ta yi kuskure. Ta haɗa abubuwan da nake ɗauka ba su da alaƙa. Tun ina yaro ni ne mai cewa to, yayana ne mai yanke magana. Da ya rasu, ɗawainiyar da yake ɗauka ta dawo kaina kuma ban iya ce wa kowa a'a ba. Mun sami saɓani da shi kafin rasuwar, ba mu shirya ba, ga fushin da ba ni da inda zan kai shi, domin wa zai ce yana fushi da mamaci? Da rana ina danne shi da aiki, da dare ya tashe ni, rashin barcin ya sa jiki a ɗar-ɗar, firgici ya samu ƙofa. A ƙasan shafin ta jera abin da za mu yi bi da bi, da dalilin kowanne, da lokacin da za mu tsaya mu duba ko muna kan hanya. Duk wanda ya ce yana haɗa hanyoyi, wannan shafin za ka nema a wurinsa. In ba shi, ba abin da ke riƙe dabarun wuri ɗaya.

Aikin barci shi ne mafi tsari kuma mafi ɗaci. Na yi mako biyu ina rubuta lokacin kwanciya da na farkawa. Daga nan ta tsayar mini da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ta rage awannin da nake yi a gado zuwa kusan adadin da nake barcin gaske, ta hana ni barcin rana, ta ce in na kai kamar minti 20 ido biyu in tashi in bar gadon sai barci ya zo. Idan barcin ya kai kashi 85 cikin 100 na lokacin da nake kwance, sai a ƙara mini minti 15. Wannan tsari ana kiransa CBT-I, kuma tun 2016 ƙungiyar likitoci ta ACP a Amurka ta ce shi ya kamata a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin ƙwaya. Ta ja mini kunne kan tuƙi a makon farko, ta ce mai farfaɗiya ko ciwon hawa da sauka ba a sa shi wannan sai da sanin likitansa. Makon farkon nan na tsine wa tsarin a raina ba adadi. Daga baya barcin ya fara haɗewa.

Ranar da za ta canza hanya sai da ta sanar da ni. Ta ce, "Malam, daga yau za mu ɗan ajiye takardun nan. Ba aikin gida. Zan fi yin shiru, kuma ga dalili." Sai ta faɗi wani abu da ta daɗe tana lura da shi: duk abin da ta ce sai in ce haka ne, ko da fuskata ta nuna ban yarda ba, kuma duk zama sai na ba ta haƙuri kan ɓata mata lokaci, alhali biya nake yi. Ta tambaye ni wa nake yi wa haka a da. Wannan dabara daga makarantar masanin nan Sigmund Freud ta fito, inda ake kallon yadda mutum ke mu'amala da mai yi masa magani a matsayin madubin tsoffin alaƙoƙinsa. Makonni muka yi a nan. Daga baya ta kawo maganar kujera, dabarar da aka sani daga makarantar Fritz Perls: a ajiye kujera ba kowa a kai, in ɗauka yayana ne, in gaya masa abin da ban gaya masa ba. Na ce ba zan yi ba, abin ya yi mini kama da wasan yara. Ta ce to, ba ta sake tayar da zancen ba. Ni ne na dawo da shi da kaina bayan wani lokaci. Kafin mu yi, ta koya mini dabarun saukar da jiki da ta aro daga DBT, irin su jan numfashi a fitar da shi a hankali fiye da yadda aka ja, da sa ruwan sanyi a fuska, bayan ta tabbatar daga takarduna cewa zuciyata lafiya take. Ta kuma gaya mini cewa kwanakin da za su biyo baya za su yi nauyi. Sun yi kuwa.

A tsakiyar wannan aikin makina ya sake hawa. Na shigo a fusace na ce mata na zo da sauƙi tana neman maido ni baya. Karo na farko ke nan da na yi mata musu. Ba ta kare kanta ba. Ta fito da shafin nan da jerin makin tun daga farko muka duba tare, ta yarda cewa ta yi sauri a wani wuri, muka koma kan atisayen firgici na ɗan lokaci kafin mu ci gaba. Daga baya na karanta cewa a 1979 Edward Bordin ya fayyace alaƙar magani da abu uku, yarda kan inda aka dosa, yarda kan aikin da za a yi, da aminci tsakanin mutum biyun, kuma bincike ya daɗe yana nuna cewa ƙarfin wannan alaƙa na tafiya da kyawun sakamako ko wace hanya ake bi. A wani zaman na ce ta yi mini EMDR, hanyar motsa ido da Francine Shapiro ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, don na ji ana yabonta. Ta ce ba ta yi horonta ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013 ta ambace ta ne don ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda ba shi nake da shi ba. Ta ce in na nace za ta tura ni wurin mai yi. Ban nace ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haɗa hanyoyi ya fi hanya ɗaya a kowane hali. Wanda matsalarsa guda ce bayyananniya, sau da yawa mai hanya ɗaya da ya ƙware a kanta ya fi masa. Mai waswasin da ke sa shi maimaita wanke hannu ko duba ƙofa, maganin da aka fi tabbatarwa gare shi shi ne a riƙa fuskantar da shi da abin da yake tsoro yana danne maimaitawar, kuma in aka tsoma wannan cikin dogon zancen yarinta ana iya shekara ba a taɓa ciwon ba. Haka mai tsoron abu guda, haka mai firgici zalla. Matashin nan na farko ya yi mini daidai a kan abin da aka ba shi. Haɗawa ta yi mini amfani ne saboda nawa a sarƙe suke, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Alamar mai haɗawa na gaske, a yadda na gani, ita ce yana iya gaya maka yau me muke yi, daga ina ya samo shi, me ya sa yanzu, kuma yana da abin auna ci gaba wanda ba bakinsa ba. In an yi zama shida zuwa takwas ba wani motsi kuma ba a zauna an tattauna dalili ba, tambaya ta wajaba. Wanda addini ke da muhimmanci a rayuwarsa ya faɗa tun a wayar farko, ya saurari yadda za a amsa masa. Wanda kuma tunanin kashe kansa ya zo masa, ba layin jira ne nasa ba, sashen gaggawa na asibiti mafi kusa zai nufa a ranar, ya kuma gaya wa wani na kusa da shi.

Rabon inshorata ya ƙare kafin aikin ya ƙare. Muka zauna muka yi lissafi a fili, muka mai da zaman duk mako biyu, daga baya wata-wata. Ta ce dama haka ake so a janye, a hankali. A zaman ƙarshe muka rubuta shafi na biyu: alamomin da ke fara nuna mini abin na dawowa, waɗanda a wurina su ne farkawar tsakar dare kwana da kwanaki da komawa cewa to ga kowa, sai abin da zan yi a makon farko, da wanda zan kira in bai lafa ba. Ta rubuta wa likitar ƙwaƙwalwa wasiƙar kammalawa ta ba ni kwafi. Likitar ta ce in ci gaba da ƙwayar aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, sannan ta riƙa rage mini ita kaɗan-kaɗan tsawon makonni. Na ɗan sha jiri a lokacin, ta rage saurin janyewar ya wuce. Fayil ɗina yana nan a buɗe a wurin ƙwararriyar da muka yi zaman tattaunawar, in na bukaci zama ɗaya ko biyu na tuni ba sai na sake bin layin tantancewa ba. Wannan ma sai da na tambaya aka gaya mini, don haka a tambaya kafin a yi sallama.